Wace kariyar gwiwa ta dace da mai moto a cikin garin Maraɗi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a unguwar Zariya, kullum da moto nake zuwa shagona a babbar kasuwa, da marece kuma nakan ɗan taɓa kabu-kabu. Bara na faɗi cikin rairayi, tun daga nan gwiwata ta dama takan yi kamar za ta goce in na sauke ƙafa da sauri. Na ga wani abin ɗaura wa gwiwa mai ƙarfe a Facebook, irin na masu tseren moto, amma da tsada. A farmasi kuma akwai na roba mai araha. Wanne zan saya don zirga-zirgar cikin gari?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Allah Ya ƙara sauƙi. In gajarce maka tun farko: cikin biyun da ka ambata babu wanda zan ce ka je ka saya gobe. Wanda ya dace da cunkoson gari wani na uku ne da ba ka ambata ba. Ita kuma wannan gwiwa da ke gocewa, tana bukatar hannun mai dubawa kafin ka kashe mata ko dala.

Aikina gashin ƙashi ne, abin da aka fi sani da kine a nan, kuma ni ma da moto nake zuwa aiki. Ruɗanin da ka shiga ba kai kaɗai ba ne. A kwali duk genouillère ake rubutawa, alhali abubuwa uku ne da aikinsu bai ko yi kama ba. Akwai safar gwiwa ta roba, wadda ake zurawa kamar safa, ita ce ta farmasi. Akwai garkuwar gwiwa, mai kwano ko soso mai kauri a gaba, wadda aka yi don ta karɓi duka. Sai kuma mai ƙarfe, wadda ke kama cinya da ƙwauri, da gaɓoɓi a gefe biyu masu naɗewa kamar na ƙyauren ƙofa, wadda aka yi don hana gwiwa murɗewa ko lanƙwashewa ta baya.

Kafin a zaɓa, sai a tambayi abin da ke samun gwiwar mai moto a garin nan. Mai tsere a daji yana tsalle da moto daga tudu, ya dira, ya miƙa ƙafa a kwana yana cikin gudu, ƙafar ta kafe a ƙasa jiki ya wuce. Wannan murɗewa ce, ita ke tsinka jijiyoyin cikin gwiwa, kuma don ita aka ƙera mai ƙarfe. Kai kuwa tsakanin Zariya da kasuwa abin da ke jiranka daban ne. Adaidaita ta tsaya ba sigina ka daki bayanta. Mai mota ya buɗe ƙofa bai duba ba. Amalanken jaki ya fito daga lungu. Wani mai moton ya kutso tsakaninka da mota, matakin ƙafarsa ya sari ƙwaurinka. Ko tayar gaba ta shiga yashin da iska ta tara a bakin kwalta, ka zube, moto ta danne ƙafa. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana daga cikin gari duka ne da gurjewa: ƙoƙon gwiwa ya tsage, saman ƙashin ƙwauri ya fashe, fata ta sale har ana hango fari, ko salansa ta gasa sharaɓar dama.

Akwai wani rauni da nake so ka gane shi sosai, don shi ke nuna tsawon garkuwar da za ka nema. Gwiwa tana da manyan jijiyoyi huɗu masu riƙe ƙashi da ƙashi: biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna. Kana kan moto gwiwarka a naɗe take, kuma abin da ya fi fitowa gaba shi ne ƙoƙo da ɗan tudun da ke ƙasansa, wato kan ƙashin ƙwauri. In wannan wuri ya daki ƙarfen mota ko kwalta, sai ƙwaurin ya koma baya a ƙarƙashin cinya, jijiyar tsakiya ta baya ta tsinke. Sau da yawa mai wannan rauni yakan tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida, sai bayan watanni ya zo yana cewa gangara da saukowa daga bene sun zame masa aiki. Ɗan ƙaramin kwano da ya rufe ƙoƙo kaɗai ba ya tare wannan duka. Shi ya sa nake cewa a nemi garkuwar da ta sauko daga saman gwiwa har tsakiyar ƙwauri.

Safar farmasi ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. Tana ɗumama gwiwa, tana ɗan matse kumburi, tana sa mutum ya riƙa jin inda ƙafarsa take, kuma ga dattijon da sanyin ƙashi ya kama tana da amfani. Amma ranar da ka gurji kwalta da ita, tare za su yage da fatarka. Ba ta kuma riƙe jijiyar da ta saki. Haɗarinta ma shi ne ta ba ka ƙarfin halin da ba ka da dalilinsa.

Mai ƙarfe kuwa, ba zan kushe ta ba, kaya ce mai kyau a inda aka yi ta don shi. Kamfanoni irin su Leatt, POD, Asterisk da Alpinestars suna yin ta don masu tseren daji, irin su DonJoy da Össur kuma suna yin ta asibiti. Ta kirki, guda biyu, daga Yuro 400 take tashi zuwa sama, wato ta haura jika 260 kafin a sa kuɗin kawowa. Wadda ka ga ana tallarta da kuɗi ƙasa da haka nesa, ka yi shakkar ƙarfen da gaɓoɓin. To ko ta ainihin ce, ka duba rayuwarka. Masu tsere suna ɗaura ta ne na awa ɗaya ko biyu, a kan doguwar safa, cikin wando mai faɗin gwiwa da aka ɗinka don ita. Kai za ka fita tun bakwai na safe, ka sauka ka hau sau talatin, ka tsuguna ka ɗauko kaya, ka zauna a tabarma ka ci abinci, ka yi alwala, ka yi ruku'u da sujada da zaman tahiya. Zaman tahiya da mai ƙarfe ba ya yiwuwa, dole ka kwance maɗauri huɗu a kowace ƙafa, ka sake ɗaurawa bayan sallama. Azahar, La'asar, Magariba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zufa na taruwa a bayan gwiwa har fata ta yi laushi ta fara salewa. Na ga inda irin wannan ciniki ke ƙarewa: sati biyu ana ɗaurawa da ɗoki, sati na uku tana rataye a ƙusa cikin shago tana shan ƙura. Ga kuma kauri. Tana ƙara wa gwiwa faɗi ta gefe, tana hana ka manna cinya da tanki yadda ya kamata a ƙaramar moto irin Kasea ko Haojue, alhali a cunkoso so ake ka tattara jikinka.

Saboda haka ga mai lafiyayyar gwiwa da ke yawo cikin gari, garkuwa ce zaɓina. Sai dai kasuwa ta cika da kwanon roba da aka liƙa wa soso, don haka bari in nuna maka yadda ake gane ta gaske.

Turai suna da ma'auni na garkuwar gaɓoɓin mai moto, lambarsa EN 1621-1. Yadda ake gwajin, ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya a kan garkuwar, a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ɗaya gefen. In matsakaicinsa bai wuce kiloniyuton 35 ba (kiloniyuton ma'aunin ƙarfi ne), ta ci mataki na 1. In bai wuce 20 ba, mataki na 2 ke nan, wanda ya fi. Ta gaske za ka ga an buga mata hatimi a jikinta, ba a leda ko kwali kawai ba: ɗan hoton mutum a kan moto, lambar ma'aunin, da wasu haruffa. K na nufin gwiwa da saman ƙwauri kaɗai. K+L na nufin gwiwa har zuwa tsakiyar ƙwauri, ita nake so ka nema. A ko B girman wurin da ta rufe ne, B ta fi faɗi. Akwai kuma wata alama da mutanen Turai ba su cika damuwa da ita ba amma mu ta shafe mu: T+. Ma'anarta an sake gwada ta a zafin digiri 40 ta ci. Irin soson nan na zamani, kamar D3O da SAS-TEC, wanda ke da laushi a hannu amma ya ƙage in an doke shi, zafi na ƙara masa laushi. Abin da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba lalle ya yi aiki iri ɗaya ba da tsakar rana a hanyar Ɗan Isa. In ka samu mai T+, ka fifita ta.

Harafin CE, wato alamar cewa kaya sun cika ƙa'idar Turai, shi kaɗai kada ya ruɗe ka, kowa na iya buga shi. Kuma ka lura, akwai garkuwar da aka yi wa masu shimfiɗa tayil don durƙuso, lambarta EN 14404, da ta yara masu wasan takalmin taya, EN 14120. Duk suna shigowa cikin dilar gwanjo, masu sayarwa kuma ba su bambanta su. Ta gwanjo ko da ta moto ce, ka lanƙwasa soson ka duba a rana. In ka ga ƴan tsage-tsage, ko ya bushe yana marmashi, ko kwanon ya yi fari a wani wuri alamar ya taɓa shan duka, ajiye musu kayansu.

Kada kuma in yi maka alƙawarin da garkuwa ba za ta cika ba. A 2011 an buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mahaya moto 212 da suka yi haɗari. An ga masu sanye da kayan kariya sun fi tsira daga yankewa da salewar fata, kuma ba a cika kwantar da su asibiti ba kamar marasa shi, amma ba a ga kayan sun hana karaya ba. Haka abin yake a idona ma. Babbar mota in ta taka ƙafa, babu soson da zai yi magana. Sai dai kada ka raina salewar fata a kan gwiwa. Fatar wurin siririya ce, gaɓar kuma tana nan kusa. Akwai wani saurayi da aka kawo mana, ya faɗi da wandon shadda a wata kwana mai tsakuwa, ramin ciwon bai fi bakin kofin shayi ba. An wanke masa sama-sama a unguwa, an barbaɗa garin kafso, an naɗe. Kwana huɗu gwiwa ta yi suntum, jiki ya ɗau zafi, ko taɓa zanen gadon ba ya so a yi. Ashe ramin ya kai cikin gaɓa, yashi ya shiga. Sai da aka shiga da shi tiyata aka wanke, ni kuma na yi watanni ina fama da shi kafin gwiwar ta naɗu yadda zai iya zaman sallah. Ranar da ya fara kai goshinsa ƙasa ba tare da ya miƙe ƙafar gefe ba, mahaifiyarsa da ta rako shi har da hawaye. Irin wannan ne garkuwa ke karewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun zama a jiki, wanda a ganina ya fi mataki na 1 ko na 2 muhimmanci. Ni kaina na koyi wannan da fatata. Ina da wata mai kwano da na saya ta ɗan yi mini yawa, na ce ba komai. Wata safiya bayan ruwan sama na shiga wani lungu, taya ta zame a laka, na faɗi ta hagu a hankali, gudun da bai kai na keke ba. Da na tashi, kwanon yana can gefen sharaɓa yana kallon gabas, gwiwa kuwa ta sha ƙasa tsirara. Tun daga ranar ba na sayen garkuwa sai na gwada ta a kan moto.

Ga yadda za ka yi. Ka sa tela ya auna maka kaurin cinya kamar tafin hannu ɗaya sama da ƙoƙo, da kaurin sharaɓa a inda ta fi cika, don da waɗannan ake zaɓen lamba. In ka ɗaura, kada ka tsaya a tsaye kana kallon madubi. Hau moto, ɗora ƙafa a mataki. A nan ne ya kamata ƙoƙonka ya zauna daidai tsakiyar kwanon, don a naɗe gwiwa za ta tarar da ƙasa. Taka birki da dama, sa giya da hagu, buga kik, ka ji ko wani abu na tokare ka. Sauko ka tsuguna sau biyar, ka yi ƴar tafiya, sannan ka kama garkuwar da hannu ka murɗa ta gefe da ƙarfi. In ta juya, kwalta ma za ta juya ta. Maɗauri ya zama aƙalla biyu, ɗaya sama da gwiwa ɗaya sama da tudun sharaɓa, don wannan tudun ne ke hana ta zamewa ƙasa. Yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Kada ka ɗaure tamau a gefen waje daidai ƙasan gwiwa, inda za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo: wata jijiyar motsi ta ratsa ta nan a kusa da fata, in aka matse ta na tsawon lokaci bayan ƙafa yakan yi sanyi kamar ba naka ba, har ɗaga tafin ƙafa ya gagara. Ka ji tsirawa ko mutuwar yatsu, sassauta nan take.

Ta sama da wando ko ta ƙarƙashi? Kowace da ranarta. Mai kwano da ake ɗaurawa a kan wando ta fi jure gurza da ƙarfe mai kaifi, kuma cikin daƙiƙa kaɗan ka ɓalle ta a ƙofar masallaci ka rataye a kan moto. Ga mai kabu-kabu ita na fi so. Aibinta kunya: abokai za su ce ka zama ɗan sama jannati, wasu kuma ba sa son fasinja ya ɗauka su masu ganganci ne. Mai laushi da ake zurawa ƙarƙashin wando ba mai ganinta ko da kaftani ka sa, ana iya sallah da ita, amma ta fi zafi, kuma tana bukatar wanki akai-akai in ba haka ba ƙuraje su fito. Wasu na kai wa tela soson ya ɗinka masa aljihu a cikin wando. Dabara ce, amma a wando mai faɗi soson yawo yake yi, shadda kuma ba ta daɗewa a kan kwalta. In za a yi haka, a yi a jins mai kauri wanda ya kama ƙafa. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika maɗaurin nan mai mannewa har ya daina kamawa, sai ka riƙa goge shi da tsohon buroshin haƙori.

Yanzu mu dawo kan gwiwarka ta dama, don ita ta fi damuna a wasiƙarka. Gwiwar da ke gocewa shekara guda bayan faɗuwa ba targaɗe ba ne da zai tafi da man zafi. Yawanci ɗayan uku ne: jijiyar tsakiya ta gaba ta tsinke, ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage, ko kuwa naman cinya ne ya zube saboda an daɗe ana lallaɓa ƙafar. Na tuna wani ɗan kasuwa da ya ce mini, "Likita, ba ta ciwo, amma ban yarda da ita ba." Wannan magana ta fi kowane hoto bayani. Na kwantar da shi, na ɗan naɗe gwiwar, na riƙe cinya da hannu ɗaya na jawo ƙwauri da ɗayan. Ta hagu ta tsaya cak kamar an ja igiya ta kai ƙarshe. Ta dama ta biyo hannuna sululu, babu inda ta tsaya. Shi da kansa ya ɗago kai ya ce, "Mi ke nan?" Wannan gwaji ba ya cin minti biyu, kuma hoton ƙashi na radiyo ba ya nuna abin da ya nuna, don jijiya ba ta fita a radiyo, sai a IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu mai nuna nama da jijiyoyi.

Ka tambayi kanka: ranar da ka faɗi, ka ji ƙara a cikin gwiwar? Ta kumbura cikin ƴan awoyi? Takan maƙale ta ƙi miƙewa sai ka girgiza ta? Amsoshin nan ka kai wa likitan ƙashi ko kine. In jijiya ce ta saki, a nan ne mai ƙarfe ke da wuri, amma ta asibiti wadda aka auna da ƙafarka, ba wadda ka gani a hoto ba, kuma a ƙafa ɗaya kawai. Ko ita ɗin ba ta maye gurbin motsa jiki. Naman cinya na gaba da na baya su ne takalmin da Allah Ya ɗaura wa gwiwa. Kwanciya rigingine ana ɗaga ƙafa a miƙe, jingina baya da bango kamar ana zaune a kujerar da babu ita, hawa da sauka a kan bulo ɗaya a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya: wata uku ana yin su kullum yakan canza labari, har wasu ba su ƙara neman ƙarfe. Wasu kuwa, musamman matasa masu aikin ƙarfi, sai an yi aiki an dasa wata jijiyar. Barinta tana gocewa shi ne mafi muni, don duk gocewa ɗaya tana ƙara cin guringuntsi.

Kafin a duba ka, ka riƙa sauke ƙafar hagu in za ka tsaya, dama tana kan birki, wanda dama haka ya kamata. Kada ka riƙa jan ƙafa a ƙasa cikin rairayi kamar mai tuƙa kwalekwale, nan ne take kafewa ta murɗe. Rage gudu tun kafin yashin, ka bar ƙafafu a mataki, gwiwoyi manne da tanki. Fasinja ma ka ce ya tattara nasa, don gwiwar na baya ta fi fitowa waje in kana ratsa tsakanin motoci. Ƙarfen nan da masu walda ke sa wa a gaban inji yana hana moto kwantawa a kan ƙafa in an zube a hankali, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su, ko kai ne ko wani ka tarar a hanya. Gwiwa ta goce ta fita daga siffarta, ko da ta koma da kanta, sannan ƙafa ta yi sanyi ko ta yi fari ko yatsu suka mutu: babbar hanyar jini ta bi ta bayan gwiwa, in ta yage awoyi kaɗan ne, kamar shida, tsakanin ceto ƙafar da rasa ta. Wannan ba na mai ɗori ba ne, asibiti kai tsaye. Haka wanda ya kasa taka ƙafa taku huɗu, ko ya kasa ɗaga ta a miƙe, ko yake da rami mai zurfi a kan gaɓa. Kowane ciwo da ƙasa ta shiga kuma a tambayi allurar tetanos.

Da yake kuɗi ba su da yawa a hannun kowa, in ba ka da kask mai kyau da ake ɗaure igiyarsa a haɓa, shi za ka fara saya, don kask na rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Bayansa takalmi rufaffe da ya haura idon sawu a maimakon silifa, sannan garkuwar gwiwa da ƙwauri. Duka ukun a haɗe ba za su kai kuɗin mai ƙarfen da ka gani ba.

Ranar da za ka je a duba ka, ka sa wando mai faɗi da za a iya naɗe shi har cinya, don sai an kwatanta ƙafafun biyu. In an ɗauki hoto bara, ka tafi da shi.